Muryata A Bakin Wata

Duk wanda ya nemi sunan Zaure a waya yanzu, hoton wani mutum zai gani, mai farar riga, gashi ya sha mai, ya harɗe hannuwa a ƙirji, an rubuta a ƙasa wai shi ya kafa kamfanin waƙar da guminsa. Ƙarya yake yi. Sunansa Magdi, kuma lokacin da aka fara Zaure yana ƙasan bene a shagonsa yana liƙa wa wayoyin mutane gilashi. Na san yadda aka yi, don a kaina aka yi. Muryar da ta sa aka san sunan nan tawa ce.

Sunana Rifkatu, 'yar Kafanchan. Raino ne ya kai ni Alƙahira. Wata 'yar garinmu da mijinta ke aiki a wani ofishi a Zamalek ta ce wa mamata za ta tafi da ni in riƙe mata yarinya, in ma riƙa zuwa karatun yamma. Ko ƙofar makarantar ban taɓa gani ba. Zamalek tsibiri ne a tsakiyar kogi, unguwar manya, ga bishiyoyi ga motoci masu baƙin gilashi, amma ni iyakata kicin da baranda. A gida Anti muke ce mata. Muna sauka ta ce daga yau Madam ce, ta karɓi fasfona ta jefa a jaka.

In ta aike ni sayen burodi, samarin titi su bi ni suna "Samara! Shokolata!" wato baƙa, cakulan. Wata rana wani ya watsa min ragowar shayinsa a ƙafa, abokansa suna tafi. Na dawo ina kuka na faɗa wa Madam. Ko ɗago kai ba ta yi daga wayarta ba.

"To ke farar ce? Je ki ɗora min ruwa."

Abin da ya fi cin raina ma ba zagin ba ne, rashin ruwan sama ne. A Kafanchan in hadari ya taso daga bayan duwatsu, ƙamshin ƙasa har cikin ɗaki yake shigowa. Nan kuwa sama fes, wata da watanni. Sai in goya yarinyar in tsaya a baranda ina rera mata waƙoƙin zumuntar mata da mamata ke yi, ƙasa-ƙasa, kar Madam ta ce ina tara mata jama'a.

Ranar Juma'a kaɗai nake fita, don a Masar ita ce ranar hutu, kuma ita ce ranar da baƙi ke zuwa coci. Cocinmu a unguwar Maadi yake. Mai kaɗa mana kibod wani dogo ne siriri, hayarsa ake ɗauka; in an tashi sai ya naɗe wayoyinsa ya wuce masallaci. Na ɗauka ɗan Sudan ne kamar sauran. Sai wata rana ina bakin ƙofa ina yi wa ƙanena faɗa a waya, na ji an ce a bayana:

"Ya zola, Hausa nake ji ko kunnena ne?"

Na juyo. Shi ne, kibod a kafaɗa.

"Sunana Alhadi. Kakan babana ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa za shi Makka, ya tsaya hutawa a Sudan. Har yanzu hutawar muke yi."

Hausarsa irin ta tsofaffi ce, ta sha Larabci. Na daɗe ban yi dariya irin ta ranar ba.

"Ke ce ke ɓoye murya a bayan matan nan masu waƙar coci," in ji shi. "Ina jin ki. Ƙanwata, ki zo ki ga zaurenmu."

Zauren kicin ne. A Hadayek el-Maadi yake, unguwar da baƙaƙen fata ke samun haya mai sauƙi, hawa na uku a wani tsohon bene da ke kan lungu. Alhadi ya jingina katifu a bango, ya liƙa kwalin ƙwai a rufi, ya ɗora tsohuwar kwamfuta a kan kantar yanka albasa. Makirfo ɗaya ne, ya sa masa safa don kar numfashi ya shiga. Shi da abokinsa Tesfay suka fara, wani ɗan Eritiriya mai jita, wanda ke wankin kwanoni a gidan abinci. Hannuwansa duk sun tsage saboda sabulu, amma in ya taɓa jita sai ka yi shiru ko ba ka so.

Alhadi ne ya raɗa wa kamfanin suna. Ya ce a gidan kakansa akwai zaure da ba a taɓa rufewa ba, duk matafiyin da ya ratso ya kwana a ciki. Kiɗan R&B suke yi, irin mai sanyin nan na baƙaƙen Amurka, wanda ya taso yana ji a kaset ɗin kawunsa.

"Kiɗan waɗanda aka raba da gida ne," ya ce min. "Ba aro muka yi ba. Namu ne ya je ya dawo."

Da rana muke ɗauka, bayan sallar Juma'a. Sai waƙa ta ɗauko daɗi, mai sayar da tukunyar gas ya shigo lungun yana buga ƙarfe, ƙwal-ƙwal-ƙwal, a sake daga farko. A sake, mai sayen tarkace ya kwarma ihu. A sake, a kira la'asar, Alhadi ya kashe komai ya shimfiɗa darduma tsakanin wayoyi. Ni da Tesfay mu zauna a ƙasa muna cin ful, dafaffen wakensu, da burodi muna jiransa. Wannan ne wuri na farko a ƙasar Masar da aka zuba abinci aka ce min bisimilla.

Muna waƙa da Hausa, da Larabcin Sudan, da yaren su Tesfay. Babu rediyo, babu talla. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suke tafiya: 'yar aiki ta tura wa 'yar aiki, mai kitso ta kunna a shagonta, direban tuk-tuk, wato keke napep, ya roƙa a tura masa. Kafin shekara ta zagayo, wasu sun fara hawo benen suna neman a ɗauke su, 'yan Sudan ta Kudu, 'yan Habasha, har da wani ɗan Kamaru. Alhadi bai taɓa mayar da kowa ba. Wanda muryarsa ba ta da daɗi ma sai ya ba shi amshi.

A shagon kitso Madam ta ji ni. Ta dawo ko jaka ba ta ajiye ba.

"Yarinya na kawo ki ki riƙe min, ko iskanci? A ɗakin maza kike yini, kina ce min coci?"

"Madam, ina zuwa cocin. Bayan an tashi ne..."

"Rufe min baki! Kwashe tsummokaranki."

Ta jefo min fasfona a ƙasa. Da na buɗe sai na ga bizata ta mutu tun tuni, ba ta taɓa sabunta min ba. Yarinyar ta riƙe zanina tana ihu, uwarta ta fizge ta. Haka na bar Zamalek, da jaka ɗaya, kuma a idon hukuma ni mai laifi ce.

Alhadi ya samo min ɗan ɗaki a saman benensu, kusa da tankunan ruwa. Matar mai gadin gidan, Umm Karim, wata tsohuwa mai ƙiba da ciwon gwiwa, ita ta riƙe ni. Lokacin sanyi ta hawo benen nan tana nishi, da bargo da kwanon miyar adas mai zafi, wani ɗan ƙaramin wake nasu.

"Kuli ya binti," ta ce, ci 'yata. "Uwarki tana nesa, ni ina kusa."

Ita ta samo min aikin sharar gidaje a Maadi. Ina faɗin wannan don kar a ce na yi wa Misirawa kuɗin goro. Matar nan ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai nawa, ko ta ce 'yata.

A nan Magdi ya shigo. Babansa ne mai benen, shi kuma yana da shagon waya a ƙasa. Yana ganin masu hawa da sauka, yana jin waƙoƙinmu a wayoyin da ake kawo masa gyara. Wata rana ya hawo da ledar lemu.

"Ya Hadi, kuna da zinariya kuna rabarwa kyauta. Ku sa waƙoƙin nan a intanet yadda ya kamata."

Alhadi ya san haka, abin da ya hana shi takarda ce. Ana buƙatar rajistar kamfani, da katin ɗan ƙasa, da asusun banki. Shi kuwa katin gudun hijira kaɗai gare shi, Tesfay ma haka, ni kuma ko wannan babu.

"A sa sunana," in ji Magdi. "Suna kawai. Ihna ikhwat, mu 'yan'uwa ne."

Ya zauna a ƙasa tare da mu, ya gutsuri burodi ya tsoma a kwanonmu. Tesfay bai yarda da shi ba, ya ce idonsa a kan kwamfuta yake, ba a kan mutane ba. Alhadi ya ce wanda ya ci abinci da kai ba ya cutarka. Aka yi rajistar Zaure da sunan Magdi, shafin intanet ma da sunansa.

A lokacin ne na yi waƙar da ta fi kowace, "Mama Kar Ki Tsaya A Ƙofa". Ƙanena ne ya faɗa min cewa duk yamma mamata takan tsaya a ƙofar gida tana kallon hanya, ko da ta san ba zuwa zan yi ba. Na zauna a bayan tankin ruwa na tsara ta. Da na rera a kicin, Tesfay ya ajiye jita ya fita, sai da ya daɗe ya dawo da jan ido. Waƙar ta bazu fiye da duk abin da muka taɓa yi.

Magdi ya ce a yi ta da Larabcin Masar, don Misirawa su ma suna da iyaye mata. Maganar ta yi ma'ana. Alhadi ya juya baitocin, ni kuma na yi makonni ina koyon furuci a ɗakin Umm Karim. Tana gyaran molokiya, lalonsu na can, tana gyara min harshe, in na kasa fitar da harafin maƙogwaron nan ta yi dariya har ta riƙe ciki. Sai da ta ce, "Khalas, shi ke nan, yanzu kamar a unguwar Shubra aka haife ki," sannan muka ɗauka. Magdi ya kwashi waƙar a filashi, wai zai kai wa wani mutum a gidan rediyo. Muka yi ta jira. In an tambaye shi sai ya ce, "Bukra, in sha Allah," wato sai gobe.

A cikin metro, jirgin ƙasan cikin gari, na ji ta, a taragon mata, ina dawowa daga shara da warin omo a hannuna. Wasu 'yan mata biyu suna zaune sun haɗa kai a kan waya. Na ji jitar Tesfay. Na ji numfashin da nake ja kafin baiti na farko. Na leƙa.

Wata farar yarinya ce mai dogon gashi, tana tafiya a bakin kogi da farar riga, iska na kaɗa ta. Tana buɗe baki, muryata na fitowa. Har wurin da muryata ta karye, don na tuna mamata da gaske, ita ma ta runtse ido ta dafe ƙirji. An rubuta sunanta, Nada, an rubuta Zaure, an rubuta Magdi. Babu ni, babu Alhadi, babu Tesfay.

Ashe na matso har kafaɗata ta taɓa ɗayarsu. Ta ɗago ta yamutsa fuska.

"Matsa can, ya samara."

Ta goge kafaɗarta da hannu, ta koma tana bin waƙar. Da muryata a kunnenta ta ce min haka. Na wuce tashata ban sani ba.

Da na nuna wa Alhadi, ya karɓi wayar. Ya kalla har ƙarshe, ya sa silifas, ya sauka. Muka bi shi. Magdi yana shago yana shan shayi, ko girgiza bai yi ba.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Rifka. Kasuwa ce. Murya na da kyau, amma mutane fuska suke saya. Wa zai kalli..." Ya nuna ni da kofin shayin, daga sama har ƙasa.

"Uwarta ta yi wa waƙar," in ji Alhadi. "Ka san haka. Kana zaune aka ɗauka."

"Kamfanin na wa ne a takarda, ya Hadi?"

Ban taɓa ganin Alhadi ya ɗaga hannu a kan kowa ba sai ranar. Ya ci kwalar Magdi ya jawo shi ta kan kanta, gilashin ya tarwatse, wayoyi suka zube. Mutanen lungu suka taru, kuma ba wanda ya tambayi me aka yi. Baƙo baƙi ya taɓa ɗan gida, shi ke nan labarin.

Washegari da hantsi aka zo duba takardun mazauna benen. Bene mai hawa shida, ƙofa ɗaya aka ƙwanƙwasa. Katin Alhadi ya ƙare, yana kan layin sabuntawa, kuma mutum ɗaya ne ya san haka, don shi ya ɗaukar masa hoton katin a shagonsa. Na tsaya a bayan tanki ina leƙe aka sa shi a mota. Kafin azahar an canja makullin ɗakin. Kwamfutar na ciki, da kibod, da duk waƙar da aka taɓa yi a Zaure, tamu da ta waɗanda suka hawo benen suna neman a ji su. Ni ma aka ce in sauka daga saman. Umm Karim ta raka ni bakin lungu tana jan ƙafa, tana kuka tana tsine wa Magdi ƙasa-ƙasa, don mijinta a ƙarƙashin babansa yake ci. Ta cusa min bargon nan a jaka.

Abbasiya na nufa, unguwar ɗalibai, don lamba ɗaya ce ta rage min. Akwai wata Hauwa 'yar Gusau mai karatun fiƙihu, wurinta nake sayen kuka da daddawa in an kawo mata daga gida. Iyakar saninmu ke nan. Su huɗu ne a ɗaki biyu, duk masu dogon hijabi. Na tsaya a ƙofa da gicciye a wuya, na ce ba ni da wurin kwana.

"Shigo mana, Anti Rifkatu," in ji Hauwa. "Kin tsaya kamar baƙuwa."

Ta dama min kunun tsamiya. Na sha ina hawaye a cikin kofin. Da na ba su labari, ɗaya daga cikinsu ta ce ai dama ƙarshen harkar kiɗa ke nan. Hauwa ta juya ta kalle ta.

"Ni ma ba zan ce mata kiɗa halal ne ba. Amma muryar ta wa ce? Wanda ya ɗauki abin wani ba da yardarsa ba, a wane littafi kika ga an wanke shi?"

Ba a sake tayar da maganar ba. In suna bitar karatu sai in shiga kicin in yi musu tuwo. Har suka saba, in sun dawo daga makaranta tun daga matakala suke kiran sunana.

Ni da Tesfay muka yi ta yawon neman Alhadi. A ce mu je can, can a ce mu dawo gobe. Ni ba na iya matsawa kusa da kowace ƙofa saboda bizata, sai in tsaya a tsallaken titi da ledar abinci, Tesfay ya shiga ya fito yana girgiza kai.

Muna cikin haka Magdi ya kira ni. Muryarsa kamar zuma. Waƙar ta karɓu, ana neman ta biyu, Nada kuwa ko kukan akuya ba ta iya ba. Ya gwada wasu mawaƙan, masu sauraro za su gane ba muryar ba ce.

"Waƙa ɗaya, ya Rifka. Ni kuma in janye ƙarata, in sa a saki Hadi. Ina da mutane. Kafin sati ya fito."

Na ce zan yi. Me zan ce? Mutumin da ya fara kirana ƙanwa a ƙasar nan yana tsare saboda ni. Muka sa ranar Asabar.

Ranar da safe Tesfay ya zo Abbasiya. Bai hau sama ba, a bakin wani shagon sayar da abinci ya tsaya. Ya ce ya haɗu da wani ɗan Sudan da aka saki. An kwashi su Alhadi a bas tun makon da ya wuce, an tsallaka da su iyaka, an mayar da shi ƙasar da ya gudo, inda ake yaƙi.

"Magdi ya sani?"

"Shi ya fara sani. Mai gadi ya ce ranar har lemu ya raba a shago."

Wato lokacin da yake min alkawari a waya, ya san ba kowa a ɗakin da zai buɗe. Tesfay ya ce kar in je. Na ce sai na je.

An yi wa kicin ɗin fenti, an cire katifu an sa soso mai tsada. Wani yaro mai tabarau na zaune a kujerar Alhadi. Nada ma tana nan, a kusurwa, tana danna waya. Ta kalle ni sau ɗaya ta sunkuyar da kai. Aka kunna kiɗan. Na Alhadi ne, wani da ya daɗe yana gyarawa bai ba kowa ba, a kwamfutar suka tsince shi.

"Ustaz Magdi, yaushe Yaya Alhadi zai fito?"

"Bukra, bukra. Na yi magana da su jiya."

Ya faɗa yana kallon cikin idona. Na ce tamam.

Na rera baitocin Larabcin da suka ba ni, tsaf, yadda Umm Karim ta koya min. Da aka zo amshi sai Magdi ya ce yana son a sa ɗan yaren Afirka, shi ake yayi yanzu. Ko me na ga dama in faɗa, in dai ya yi daɗi a kunne.

"A ƙasarmu," na ce masa, "in mawaƙi zai girmama babban mutum, kirari yake masa da sunansa. Ka yarda?"

Fuskarsa ta washe. Na matsa kusa da makirfo, na rufe ido, na sanyaya murya yadda ban taɓa yi ba, kamar mai lallashin jariri:

Magdi ɓarawo, Allah ya isa,
Muryar da kuke ji ba ta wannan ba ce,
Magdi ɓarawo, ka sayar da Alhadi,
Allah ya isa, Allah ya isa.

"Allah!" in ji shi, yana tafi. "Barawo yaani eh?" Wato me ake nufi da ɓarawo.

"Basha," na ce. "Babban mutum, wanda ya fi kowa iya sana'arsa."

Ya sa na maimaita, ya ce wa mai tabarau ya ƙara wa sunansa ƙarfi. Sunan Alhadi kuwa ya shige masa a cikin kiɗa, bai kama ba. Na koya wa Nada yadda za ta motsa baki, kalma-kalma, har ta iya.

Bidiyon ya fito da ita a cikin kwale-kwale, tana murmushi tana miƙa hannu sama, tana tsine wa maigidanta da Hausar Kafanchan. Kafin yamma ba Bahaushen da ke Alƙahira da bai gani ba. Su Hauwa, waɗanda ba sa jin kiɗa, suka rufe ƙofa suka kalla, wadda ta ce min ƙarshen harkar kiɗa ke nan ita ta fi kowa dariya. Ɗalibai suka riƙa bi ta gaban shagonsa suna ɗaga hannu, "Salam, ya ɓarawo!" yana amsawa da murna. Sai da wani ɗan Nijar ya ji tausayinsa ya fassara masa. Ya sauke bidiyon, amma ya riga ya shiga wayoyi. Ya turo min saƙo cewa ya san unguwar da nake, kuma ya san halin bizata.

Ban tsaya in ga ko da gaske yake ba. 'Yan cocinmu da ɗaliban Abbasiya suka haɗa hannu aka daidaita takarduna, aka saya min tikiti. Tesfay ya sayar da jitarsa ya koma wankin kwanoni gaba ɗaya. Zaure bai sake fitar da waƙar kirki ba. Yau kayan sauti Magdi ke bayarwa haya a gidajen biki da sunan.

Ana gobe zan tafi, da la'asar, ina ɗaure kaya, wata baƙuwar lamba ta kira. Na fita matakala na ɗauka.

"Ƙanwata."

Na zauna a kan matakalar. Muryarsa ta dushe. Ya ce yana wani gari kusa da iyaka, wayar wani ya ara. Wani ya kunna masa waƙar a can, har can ta kai. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kin kashe mutumin nan da ransa." Sai ya ƙara da cewa: "Amma kiɗan nan, Rifkatu, ba don zagi na yi shi ba. Na so ki ɗora masa abu mai kyau."

"Yaya, ba ni da abu mai kyau a bakina yanzu."

"Kina da shi. Rera min ko baiti ɗaya ne. Nan ba a jin komai sai ƙarar abin da ba kya son sani."

Na share fuska da gefen zani. Na nemi wani abu mai sanyi a cikina, da ƙyar na samo farkon wata waƙar zumunta. Na ja numfashi, na fara. Ban kai ƙarshen layin farko ba na ji ɗif. Na ci gaba da rerawa, ko zai dawo, har na gama baitin ni kaɗai a matakala.

Na kira lambar ranar, na kira daga filin jirgi, na kira daga Kafanchan. Sau ɗaya wani ya ɗauka, ya ce da Larabci bai san wani Alhadi ba, mutane da yawa ke aron wayar. Mutanen coci suna ce min in yafe, in bar wa Allah. Na ce musu ai na bar masa, da bakina, a kan kiɗa, duniya ta ji. Yafiya kuwa sai ranar da na san inda Yayana yake.